Ranar da Yaya Ta Kira Sunana

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu 'yar fari ba ta uwarta ba ce. Ana yaye ni aka haye iyaka da ni zuwa wani ƙauye ta wajen Maraɗi, aka damƙa ni ga kakata. Ita na buɗe ido na gani, ita nake ce wa Inna. Wadda ta haife ni kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Takan zo daga Jibiya da Sallah, ta raba wa yaran gida alawa, ni ce ta ƙarshe, ko kallona ba ta yi. In tana son a kira ni sai ta ce, "Ina yarinyar nan?" Manya suka ce kunya ce. Ni dai na ɗauka matar ba ta sona, ni ma na fita harkarta.

Da na isa shiga makaranta mahaifina ya ce a dawo da ni. Inna ta san halina, na iya borin da zai tara unguwa, sai aka ce mini kasuwa za mu je da Yaya a sayo mini takalmi. Na shiga mota ina murna. Muka wuce duwan, wato 'yan kwastan, muka wuce jandarmomi, ban lura da komai ba. Sai da aka sauke mu a tashar Magama na ga ƙullin kayana a hannun Yaya, sannan na gane an yi mini wayo. Na zube ƙasa ina birgima, ina kiran Inna.

Ashe mun zo a mugun lokaci. A makon nan wani yaro ya ɓace ta wajen Daddara, aka tsinci gawarsa a tsohuwar rijiya, an cire masa wasu sassa. Har yau ba na ganin laifin mutane don sun ji zafi. Wallahi da ni ce uwar yaron nan ban san abin da zan aikata ba.

Wani ɗan acaba ne ya fara tsayawa a kanmu. Ya ce mini, "Ke, wannan ce innar taki?" Na ce a'a, Innata tana gida. Iyakar abin da na sani na faɗa. Ya juya wurin Yaya ya ce, "Baiwar Allah, ɗiyarki ce?"

In na ba yaran yanzu labarin nan sai su ce, to me ya hana ta ce e? Nakan ce su rufe mini baki. Matar da ko a cikin ɗaki ba ta taɓa furta kalmar nan ba, ita ce za ta faɗe ta a tsakiyar tasha, a gaban maza? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ta gidanmu ce." Ya ce, "To, mi sunanta?" Ta ƙara sunkuyar da kai. Da tsohuwa ce ta yi tambayar da tun daga sunkuyawar ta gane. Amma samari ne suka kewaye mu, kuma kowannensu da rijiyar nan a ransa.

Wani ya ce ko sunan yarinyar ba ta sani ba. Daga can baya wani ya ce mai satar yara ce, shi ke nan. Aka fizge mayafinta. Dutse ya same ta a goshi, ta durƙushe. Na ga an gungaro taya, wani mai sayar da fetur a bakin hanya ya miƙo kwalba. Wata mata da ban taɓa gani ba ta sure ni tana cewa, "Kin tsira, ɗiyata, kin tsira." Ita kalmar ba ta yi mata nauyi ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ba dutse ko taya ne suka buɗe bakin Yaya ba. Sai da ta ga matar nan ta saɓa ni a kafaɗa za ta fita da ni daga taron. Nan ta miƙe, jini na bin fuskarta, ta ƙwala kiran sunana, da wata murya da ban san tana da ita ba. Ta ce, "Ɗiyata ce, ni na haife ta. Ku aje mani ɗiyata." Ta ce a duba cinyata ta hagu akwai tabon kunu. Ni kaina ban san ta san da tabon ba.

Wata tsohuwa mai fura ta ce, "Wayyo, ta fari ce." Ta ture mutane ta faɗa kan Yaya ta rufe ta da jikinta, sauran matan suka bi ta. Aka ɗaga zanena, ga tabo. Direban da ya ɗauko mu ya iso yana rantsuwa ya san Inna, ya san gidanmu. Taro ya watse, babu wanda ya ce ta yi haƙuri. Mai fetur ma ya karɓi kwalbarsa ya koma bakin hanya.

A gida Yaya ta yi mini wanka da tsumma ɗaure a goshinta. Kashegari na ji ta ce wa mahaifina, "A kai yarinyar nan makaranta." Aka koma gidan jiya. Na girma a gabanta ina jira. Na yi rashin ji da gangan ko fushi zai sa ta kira ni, sai dai ta ce "ke". Na yi aure, na haihu, ba ta sake ba.

Yanzu ina ɗinki a Jibiya. Mata kan zo da waya su nuna mini an rutsa da wani ana duka, wai yana kai wa 'yan bindiga labari, suna cewa Allah ya ƙara. Nakan ce su ɗauke mini ita daga kan keken ɗinki. Ni bakin mutumin nake kallo, ina tunanin abin da ya kasa faɗa. Duk da haka in na bi ta Magama sai na ce ɗan acaba ya rage gudu a tashar. Na tsani wurin nan, kuma ina kewarsa, don nan ne kaɗai na taɓa jin ta ce ni tata ce.

A ciwonta na ƙarshe ni na yi jinyarta. Wata rana da hantsi, mu biyu a ɗaki, na ce, "Yaya, ki ƙara kiran sunana, ko a hankali ne. Babu kowa." Ta ce, "Ba ki da kunya," ta juya fuska bango. Can sai ta laluba ta kamo hannuna, ta ɗora shi a kan tabon goshinta, ta riƙe har barci ya ɗauke ta.