Hannun da Yaya Saude ta Bar Mini Ajiya

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Saude, kuma har yau idan aka tambaye ni abin da nake ji, sai in rasa amsa. Ranar da aka kai ta makwancinta a Basirka ban yi kuka ba. Mata suna ta cewa yarinyar nan akwai tawakkali. Ni dai na san zuciyata ce ta sage, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, kuma har yanzu ba ta gama sakewa ba.

Ita ta koya mini saƙar kwarashi a gidanmu na Birnin Kudu, kafin aurenta. Saboda kunya ba na iya zama kafaɗa da kafaɗa da mutum, don haka sai in zauna a gabanta, idona a kan yatsunta. Duk abin da hannunta na dama ya yi, sai hannuna da ke fuskantarsa ya kwaikwaya, wato na hagu. Kafin a ankara, icen ya bushe a tanƙware. Mahaifiyarmu ta ce, "Saude, kin mayar mini da 'ya bahaguwa. Wa zai sa hular da aka saƙa da hagu?" Yaya ta ce, "Inna, jariri ba ya tambaya." Har gobe da dama nake ci, da dama nake rubutu, amma saƙa sai da hagu.

Ka'idojinta ba su da yawa. Ɗan koyo ba ya farawa da siririn kwarashin ƙarfe na yi wa mayafi baki. Matsakaici ake ba shi, lamba huɗu ko biyar, da ulu mai haske don ya riƙa ganin idon saƙar. Takan kwantar da ulun a bakin kwarashin: idan ya tumbatsa, kwarashin zai riƙa tsaga shi, idan yana yawo a ciki, saƙar za ta fito kamar raga. Riƙo kuwa iri biyu ne, na biro da na wuƙa. Ita riƙon wuƙa take yi, kamar mai yankan kuɓewa, babban yatsa a kan faffaɗan wurin. Idan ta ga na matse sai ta ce, "Sassauta masa, bai ci miki komai ba."

Yanzu 'yan ajinmu a waya suke koyo. Kwarashin ma ya sake, har da mai mariƙin roba. A tsofaffin na ƙarfe, babbar lamba ita ce siririya. A na yanzu, babbar lamba ita ce mai kauri. Ina jin da Yaya tana nan, mariƙin robar zai burge ta, don yatsunta duk sun yi kanta. Abin da zai ɗaure mata kai shi ne hannun da ke koyarwa babu fuska, babu mai ganin ka matse balle ya ce ka sassauta.

A hutun da ya wuce na je Basirka duba 'yarta Nafisa, wadda ke hannun kakarta ta wajen uba. Tana 'yar shekara uku uwar ta rasu, ba ta riƙe ko kamanninta ba. Ta ɗauko mini kwarashin uwar daga cikin gwangwanin maɓallai, ta ce, "Yafendo, koya mini yadda Ummata take yi."

Na ce sai gobe. Gobe ta yi, na sake cewa gobe. Abu ɗaya ta roƙa na uwarta, ni kuwa juyayyensa nake da shi. Na ɓuya a bayan rumbu na gwada da dama, ko sarƙar farko ta ƙi ƙulluwa. Kakar ta gan ni, ta ce, "Ke 'yar boko, littafi bai gagare ki ba sai tsinke? Yarinya ta kwana da abin nan a ƙarƙashin matashi."

Da hantsi na shimfiɗa tabarma, na nuna mata gefena. Ta ƙi. Ta zagaya ta zauna a gabana, kanta a sunkuye, idonta a kan yatsuna. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma wannan kunyar tawa ce ta ɗebo. Na ɗauki kwarashina da hagu. Ta ɗauki na uwarta da hannun da ke fuskantar nawa, ta damƙe shi riƙon wuƙa, babban yatsa a kan faffaɗan wurin. Da dama.

Ko a nan ban yi kuka ba. Na dai ji bakina ya ce, "Sassauta masa, bai ci miki komai ba."

Muryar Yaya ta fara ɓace mini. Hulunan da ta saƙa sun tsufa a kan 'ya'yan mutane, ban san inda ko ɗaya take ba. Abin da ya rage shi ne wannan riƙon. Shekara da shekaru ina ɗaukarsa kuskurena, ashe ajiya ce aka ba ni a juye, kuma na mayar wa mai ita daidai. Allah ya jiƙan Yaya Saude, ya sassauta mata.