Albasa a Gefen Faranti

Shekara ashirin da shida Inna Kumfa ta yi tana wanke-wanke a gidan abincin da ke kusa da tashar mota, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa zama a kujerarsa ba. Wurinta can baya ne, tsakanin famfo da tulin tukwane, inda tururi ke sa bango gumi. Abin da ya haɗa ta da ɗakin cin abinci wata 'yar taga ce ƙasa-ƙasa, daidai ƙugu, wadda ake turo farantai ta cikinta. Sunan ma hannuwanta ne suka jawo mata shi, don kullum cikin kumfar sabulu suke. Ta kama aikin ne da goyo a bayanta, wata huɗu da rasuwar mijinta, da niyyar ta yi shekara ɗaya ta huta.

Ba ta san fuskokin masu zuwa cin abinci ba, amma farantansu kam ta san su kamar 'ya'yan cikinta. Akwai mai tauna ƙashin kaza har ya zama gari. Akwai mai barin loma ɗaya tak, wai kada a ce yunwa ce ta kawo shi. Akwai wanda ke suɗe faranti har sai ka rasa abin da za ka wanke. Tana gogewa tana yi musu fuskoki a ranta, ta ba wannan tumbi, ta ba wancan sanƙo, ta aurar da wasu, ta raba wasu, duk ba su sani ba.

Amma a cikinsu duka akwai faranti guda da ya zame mata daban. Kowace Alhamis, da rana ta ɗan karkata, sai ya shigo ta tagar. Soyayyen kifi da dankali aka ci a kansa, an tattara ƙayoyin a ƙarƙashin cokali, sannan an jera yankakkiyar albasar da ake ɗorawa a kan kifin a gefen hagu, zobe bisa zobe, ba wanda ya kauce wa ɗan'uwansa. Shekara goma sha tara ke nan ana yi mata haka.

Da farko haushi abin ya ba ta. Mutum ba ya cin albasa, me zai hana ya buɗe baki ya ce kada a sa masa? Daga baya haushin ya koma sabo, sabon kuma ya koma wani abu da ita kanta take jin kunyar kiran sunansa. Ta yanke a ranta cewa namiji ne, mai gyaran agogo, don wannan tsari sai mai aikin ƙananan ƙarafa. Ta sa masa tabarau da furfura kaɗan a gemu. Ta ba shi shago mai kujera biyu, ɗaya babu kowa a kanta. Wani lokaci ruwa na zuba a famfo, ita kuwa tana can shagon, agoguna na bugawa a bango, yana tambayarta ko ta gaji. Sai mai dafa abinci ya daka mata tsawa cewa baho ya cika, sannan ta dawo.

Sau ɗaya ta tambayi Dogo, mai raba abinci, ko wane ne mai farantin. Dogo ya yi dariya ya ce, "Inna, mutum sittin nake kwashe wa kwano a rana. Kina so in riƙa leƙa albasar kowa?" Ba ta sake tambaya ba. Gaskiya kuma, da ta so, da ta durƙusa ta leƙa ta tagar tun tuni. Tsoro take ji kada ta ga abin da zai ɓata mata mai agogonta.

To, gwiwoyi suka fara ƙin tsayuwa, yatsu suka fara ƙin riƙe soso. 'Yarta, wadda aka goya a gaban wannan famfon, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, ta zo ta ce sai ta tafi da ita. Aka sa ranar tafiya washegarin hutun ƙarshen shekara. A ranar hutun kuwa gidan abincin kan yi abin da suke kira ɗebi-da-kanka: a jera abinci a dogon tebur, kowa ya ɗauki faranti ya zuba son ransa. Mai gidan abincin ya ce bana Inna baƙuwarsa ce, ta ƙofar gaba za ta shigo. Da ta duba kalanda sai ta ga hutun ya faɗo ranar Alhamis. In ba ta gan shi a ranar ba, ta tafi ke nan ba ta gan shi ba.

Ta sa tufafinta na fita unguwa, har da ɗan turare. Da suka shiga ita da 'yarta sai ta tsaya turus a bakin ƙofa. Ashe ɗakin ƙarami ne! Ita da take jin hayaniyarsa ta taga, ta ɗauka wani makeken zaure ne. Tebur goma sha biyu ne da ledar shimfiɗa mai furanni, fanka biyu, sai wasu ƙananan fitilu masu launi da aka rataya saboda hutu. Hasken rana ya ratso labule ya kwanta a kan tururin shinkafa, komai ya yi laushi kamar a mafarki.

"Inna, ki zauna mana," in ji 'yar. "Kin tsaya kamar wadda ta zo karɓar kwanuka."

Ta zauna a bakin-bakin kujera. 'Yar ta zubo mata shinkafa da kaza da miyar wake, amma idonta na kan teburan mutane. Nan ta gane mai tauna ƙashi. Wanda ta ba tumbi da gashin baki, ashe wata siririyar yarinya ce mai sayar da magani, tana ta ƙurmus-ƙurmus abinta. Inna ta yi dariya har da riƙe baki.

Dariyar ba ta daɗe ba. Tana kallon layin masu ɗiba sai ta ga wani ya zo kan tiren kifi, ya ɗauki kifin, ya bar albasar a nan cikin kwanonta. Na bayansa ma haka. Sai a lokacin ta gane wautar da ta yi. Yau kowa da hannunsa yake zubawa. Wanda ba ya son albasa ba zai ɗebo ta ba, balle ya jera ta a gefe. Ga tsofaffi masu tabarau har uku a ɗakin, kuma ba abin da zai nuna mata wanne ne nata. Abincin ya daina shiga.

"Ba daɗi ne?" 'yar ta tambaya.

"Da daɗi, 'yar nan. Ni ce dai."

Mutane suka fara raguwa. Ta miƙe za ta wanke hannu, ta bi ta bayan teburin da ke jikin taga mai labule, sai ƙafarta ta tsaya da kanta. Kifi da dankali. Ƙayoyi a ƙarƙashin cokali. Albasa a gefen hagu, zobe bisa zobe. Mai farantin kuwa wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta ɗan girme ta, tana zaune ita kaɗai, jakarta a cinya, kujerar hagunta babu kowa.

Mai agogo ya tafi da shagonsa da tabaraunsa a nan take, kuma ya yi mata ciwo, ba ƙarya. Amma ta kasa wucewa.

"Sannu, Yaya," ta ce. "Ki yi haƙuri da karambani. Ni ce mai wanke farantinki duk Alhamis. Yau da kanki kika zuba. Me ya sa kika ɗebo albasar, tunda ba kya ci?"

Tsohuwar ta dubi farantin kamar yanzu ta fara ganinsa. Ta yi ɗan murmushi.

"Maigidana ne mai sonta. Duk Alhamis nan muke zuwa, shi a nan, ni a nan. In jera masa, ya riƙa miƙo hannu yana tsinta yana ba ni labari. Da can farantina tas yake komo miki, shi ya sa ba ki san ni ba." Ta gyara zobe ɗaya da cokali. "Shekara goma sha tara da rasuwarsa. Na sha cewa zan daina, hannun ne ya ƙi ji."

Inna Kumfa ta tuna yawan albasar da ta kankare ta zuba a kwandon shara, Alhamis bayan Alhamis, tana mita ko tana mafarki. Idonta ya ciko.

"Ke kina ci?" tsohuwar ta tambaya.

"Ina ci, Yaya."

"To zauna mana, ƙanwata. Tsayuwar ta isa haka."

Ta ja kujerar hagun ta zauna, wannan karon har ta jingina. Daga baya ana jin ƙarar famfo da karon farantai, wani ne ke wankewa. Tsohuwar ta turo farantin kaɗan. Inna ta miƙa hannu ta ɗauki zobe na farko, tsohuwar kuma ta fara ba ta labari. 'Yar ta hango su daga teburinsu, ta ɗauki jaka za ta yi magana, sai ta fasa ta koma ta zauna.

Da Dogo ya zo kwashe kwanuka, farantin ya koma ta tagar babu komai a gefensa.