Farin Ƙyallen Mai Sanyi

Mai Sanyi ake ce masa a layin makanikai, kuma sunan ya fi kama da tsokana, domin duk layin babu wanda ya kai shi shan zafi. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana gyaran esi, wato na'urar sanyaya mota, a wata rumfar kwano da ke gasa mutum tun hantsi. Masu mota su zo suna fifita, su tafi gilashi a rufe, shi kuwa ya hau tsohon kekensa ya koma gida riga sharkaf. Bai taɓa mallakar mota ba. Ko fankar rumfar ma sai an zungure ta da tsinke take juyawa.

Abin da ya riƙe masa jama'a farin ƙyalle ne. Yawancin masu zuwa wurinsa ba su da ƙarfin sayen sabon kwampreso, wato injin da ke harba gas ɗin sanyi, sai dai na hannu, wanda aka ciro daga motar da ta gama yayinta. Sauran makanikai su juya shi da hannu, su ji yana huci, su ɗaura. Mai Sanyi sai ya tsiyayo ɗan man da ke ciki a kan farin ƙyalle, ya fito rana ya duba. In man garau yake, to madalla. In ya ga ƙyalƙyali, garin ƙarfe ne, injin ya fara cin kansa, kuma in aka ɗaura shi garin zai bi bututu ya toshe komai cikin kwana kaɗan. Masu sayar da kayan hannu ba sa ƙaunar ganinsa, amma in ya ce "garau ne", magana ta ƙare. Matarsa ce ke yanka masa ƙyallayen daga tsofaffin zannuwan gado, tana wankewa tana mita.

Tun bara idonsa ya fara hazo, bai gaya wa kowa ba. In noti ya faɗi sai ya laluba da tafin hannu yana ɗan waƙe-waƙe, wai kada a gane. Ya sayi tabarau a bakin titi, ya ɓoye a akwatin sifana, bai tsinana masa komai ba. Tsoro yake ji ƙwarai, don ya san ranar da aka ji idon Mai Sanyi ya tafi, ya koma tsohon makanike kawai, irinsu kuwa sun cika layin.

Ran nan Dogo ya zo, direban tasi da ke ɗaukar fasinja a filin jirgi, wanda tun motarsa ta farko nan yake kawo gyara.

"Baba, kwana huɗu ban ɗauki kowa ba," in ji shi. "Mutanen nan da sun leƙo sun ji zafi sai su wuce motar baya. Na hannu za mu sa, amma kai za ka zaɓa. Ni idonka na biyo."

Suka je shagon wani mai kayan hannu da ake kira Gajere. Mai Sanyi ya ɗauki ɗaya, ya tsiyayo mai, ya fito rana. Ya matso da ƙyallen, ya nisanta shi, ya karkata. Tabo kawai yake gani, ruwan ƙasa-ƙasa. Dogo na tsaye yana jira, Gajere na taɓe baki.

"Garau ne," in ji Mai Sanyi, ya cusa ƙyallen a aljihu.

Ya wuni a kan motar. Ya kwance bel, ya sauke tsohon, ya wanke bututu, ya canja matatar gas, ya ɗaura na hannun. Bayansa ya ƙage, yatsunsa duk ƙuna. Tukunyar gas ɗinsa ta ƙare, don haka suka bar ɗura gas da tayar da esin sai da safe.

Da ya isa gida rana ba ta faɗi ba. Ya zube a kan tabarma, matarsa ta ɗauki rigar aikin tana zazzage aljihu kafin ta jiƙa ta. Sai ya ji ta ce, "Maigida, wannan kuma fa? Ƙyalli kamar an barbaɗa."

Bai ɗago ba. "Da yawa?"

"Ga shi nan reras. Ka dai mayar musu da kayansu, ko?"

Ta zo ta zauna a gefen tabarmar, ƙyallen a cinyarta.

"Wata shida ke nan kana zuba sukari a gefen kofi ina sharewa," ta ce. "Jira nake ka faɗa da bakinka."

"In na faɗa, wa zai ƙara kawo min mota?"

"In ba ka faɗa ba, motar bawan Allah fa?"

Abincin dare ma kaɗan ya taɓa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne hanyar tsira a buɗe take: ya ɗura gas, sanyi ya zo, in kwampreson ya mutu bayan sati biyu a ce ai na hannu ne, dama haka yake.

Da safe Dogo ya tarar da kwampreson a ƙasa, Mai Sanyi na goge hannu.

"Baba, lafiya? Ba jiya muka ɗaura ba?"

"Ba shi da kyau. Ɗauko mu koma."

Gajere ya yi ta faɗa, wai tsufa ne ya fara taɓa mutum, jiya garau yau ba garau ba. Da ya gaji ya jawo wani daga ƙasan kanta ya dangwarar. Maƙwabtan shago biyu suka matso kallo. Mai Sanyi ya zaro sabon ƙyalle, ya tsiyayo mai, ya fito rana kamar yadda ya saba shekara talatin da ɗaya. Ya daɗe a tsaye, gumi na bin wuyansa. Kowa na jiran kalmar.

Sai ya juya ya miƙa wa Dogo ƙyallen.

"Karkata shi wajen rana, ɗana," ya ce. "In ka ga wani abu na ƙyalli, ko ɗaya ne, ka gaya min. Ni na daina gani."