Tuffar da ta kusa dawo da Nasiru gida

Shekara goma ke nan da rasuwar ƙanena Nasiru, amma ko yau na ga tuffa a faifan mai talla sai gabana ya faɗi.

A shekarar da Sin ta karɓi baƙuncin gasar Olamfik ina saro kaya a kasuwar Canaan ta birnin Guangzhou, shi kuma yana karatun likita a garin. Kafin nan ya yi shekara a arewacin ƙasar yana koyon yare, inda bazara ta riƙa sa shi atishawa da jan ido. Wata rana lawban, mai shagon da nake ciniki, ya fere mana tuffa. Bahaushe da kunya, ina zai mayar da hannun kyauta? Nasiru ya ci. Nan take leɓɓansa suka kumbura, maƙogwaro ya kama ƙaiƙayi.

Da labari ya kai Kano, Inna ta ce sammu ne, in tattaro shi mu taho, karatun ya isa haka. Umarnin uwa ba wasa ba ne, kuma wallahi ni ma na tsorata.

"Yaya, raka ni asibiti tukuna," in ji shi.

Aka ɗiɗɗiga masa ruwan magani a dantse, aka tsattsaga fatar. Wuri ɗaya ya kumbura. Ashe ƙurar furen wata bishiya ce mai farin ɓawo, birch, wadda ko ɗaya ban taɓa gani a Guangzhou ba. Can arewa jikinsa ya ƙullace ta. Sinadarin da ke cikin furenta yana da ɗan'uwa a cikin tuffa, jiki kuwa bai bambance su ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da ya fi ɗaure mini kai, in an dafa tuffar lafiya lau yake ci. Allah mai iko!

Na kira Inna, na kwashe komai na gaya mata. Sai ta ce, "To, ya zauna ya gama."

Ya gama, ya dawo, ya yi aiki, hatsarin mota ya ɗauke shi. Da yana raye ya ga yadda yaranmu ke tafiya karatu ƙasashen sanyi yanzu, na san sai ya zaunar da kowa ya yi masa bayanin furanni.

Inna ba ta taɓa ganin bishiyar nan ba. Amma duk yaron da ya kumbura a unguwarmu, ita ce ke hana a kai shi wurin boka. Takan ce, "Ku fara tambaya me ya ci. Haka ɗana likita ya ce."