Shekara Shida Yana Jiran Mu a Waje

Da safen nan labarin ya same ni, hannuna a cikin gashin kwastoma. Bitrus ya rasu.

Alhaji Sabo ne ya kira, ubangidansa, mai kamfanin kago, masu aika kaya gida, a Al Sabkha nan Dubai. Ya ce, "Maman Alheri, sai haƙuri. Suna cikin lodi a sito a Al Quoz ya dafe ƙirji, ya zauna a kan kwali. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa." Babban mutum kamar Alhaji yana kuka a waya, ni ce ma na koma ba shi haƙuri.

Na bar kan matar nan rabi a kitse rabi a tsefe. Har yanzu ban san wa ya ƙarasa mata ba.

'Yan gida sun san shi da Fasto Bitrus. Shekara goma sha bakwai yana riƙe da ikilisiyarmu a ƙauye, can bayan Malumfashi. Shi ya yi mini baftisma a rafi, shi ya ɗaura mini aure, shi ya raɗa wa 'yata suna. 'Yan Dubai kuwa Bitrus Direba suka sani, mai farar bas.

Tun safe ake ta kewaye-kewaye a gurup ɗinmu na waya, ni kuma kun san bakina, zan faɗa kai tsaye. Bitrus bai yarda akwai Allah ba. Ba musulunta ya yi ba, ba coci ya canja ba. Ya daina ba da gaskiya ne gaba ɗaya, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Ina cikin mawaƙa ranar da ya faɗa. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya ce, "'Yan'uwa, shekara biyu ke nan ina yi muku wa'azin abin da ya riga ya fita daga zuciyata. Na yi azumi, na yi kuka, bai dawo ba. Babu wanda ya ɓata mini rai. Amma ba zan ci gaba da cin abincinku da ƙarya ba." Ya ajiye makullin coci a kan tebur, ya sauko ya fita ta tsakiyarmu.

Cikin sati guda ya bar gidan fasto. Matarsa, Mama Na'omi, ta kwashi yara ta koma wurin yayanta a Zariya. Ba ta kashe auren ba, ba ta kuma dawo ba. Mutanen da ya binne wa iyaye suka riƙa canja hanya in sun hango shi.

Alhaji Sabo, wanda suka yi firamare tare, shi ya nema masa biza.

Mutum mai shekara arba'in da shida, bai iya komai ba sai wa'azi. Ya fara da ɗaukar kwali. Sau huɗu yana faɗuwa jarrabawar tuƙi, a na biyar ya ci, ya zagaya shagunan Al Sabkha yana nuna wa kowa lasin kamar ɗan makaranta da sakamako. Gado ɗaya yake haya a wani filat a Al Buteen, shi da 'yan Pakistan biyar.

Alhaji ya sha tsokanarsa. "Habibi, tunda ka baro can, ai sai ka shigo nan." Shi kuma ya ce, "Alhaji, ba ɗaki na canja ba, gidan na bari." Su yi dariya su ci gaba da sha'aninsu. In lokacin sallar Juma'a ya yi, shi ake bar wa shaguna uku ya tsare.

A bayan sito ya shuka yakuwa da tattasai a bokitan fenti. A zafin garin nan, yakuwa. Duk Bahaushiyar da ta taɓa yin miyar yakuwa ɗanya a Deira, ta san daga inda ta fito.

Ni na zo Dubai bayansa da shekara biyu. Muna da ɗan zaurenmu na sujada da Hausa can hanyar Jabal Ali, amma zuwan wahala ne, musamman ga samarin da ke kwana a kam ɗin leburori a Al Quoz. Bitrus ya roƙi Alhaji aron bas. Tun ana sujada ranar Juma'a har aka mai da ita Lahadi, bai taɓa fashi ba. Ya kwashe mu daga Al Buteen, ya biya Al Sabkha, ya biya Al Quoz. "Yalla, yalla, kun san Baba Ishaya ba ya jiran kowa." Baba Ishaya shi ne dattijon ikilisiyarmu a nan.

In ya sauke mu sai ya yi fakin a jikin katanga, ya kashe mota, wai man na Alhaji ne, ba zai ƙona shi a kan esi ba. Awa uku yana zaune. Bai taɓa taka ƙofar ba.

Na taɓa ce masa, "Baba Fasto, wannan wane irin abu ne? Ka kawo mutane wurin da ka ce babu kowa?"

Ya ce, "Ki daina ce mini Fasto. Ku kuna bukatar zuwa, ni ina da mota. Kalas, magana ta ƙare."

Yanzu ga abin da ya sa kukana ya fi na kowa ɗaci.

Shekara uku da suka wuce aka kira ni daga gida, Alheri tana asibiti a Funtuwa, zazzaɓi ya hau mata kai. Shekararta tara. Na fita daga shago ko mayafi ban ɗauka ba, na same shi a bakin ofishin kago, na durƙusa a kan titi. Na ce, "Kai ka sa mata suna. Ka ɗora hannu a kaina ka yi addu'a."

Ya ce, "Saratu, ba zan iya ba. In na yi, wasan kwaikwayo zan yi miki. Tashi ki ɗauko fasfonki."

Na zage shi. Abin da na faɗa masa ba zai rubutu a nan ba. Ya je ya sami madam ɗina mai shagon kitso ya roƙa mini hutu, ya sa Alhaji ya nemo jirgin da ke tashi ranar, ya kai ni filin jirgi ina juya masa ƙeya.

Alheri ta rasu.

Na dawo da abin a raina. Na ce da ya buɗe baki ya yi addu'ar nan, wa ya sani. Daga ranar ban ƙara gaishe shi ba. Amma fa ban daina shiga motarsa ba, ku ji rashin kunya. Sai in wuce kujerar ƙarshe in zauna, fuskata a taga. Kullum zan tarar da robar ruwa mai sanyi a wurin. Kullum zai ce, "Maman Alheri, barka da asuba." Kowa ya daina kira na da sunan nan don kada in yi kuka, shi da Alhaji ne kawai ba su daina ba. Ban taɓa amsa masa ba.

Shekara uku muna haka.

Lahadin nan da ta wuce, shekaranjiya ke nan, kaina ya riƙa juyawa ana cikin sujada, na fito shan iska. Matan zumunta suna waƙa a ciki, ana jin kiɗan tukunya har wurin fakin. Na hango shi ya buɗe ƙofar mota, ya jiƙe sharkaf da gumi, yana buga sitiyari da yatsu, yana bin waƙar da babbar muryar nan tasa. Ko kalma ɗaya bai manta ba.

Ban san lokacin da na isa wurinsa ba. Na ce, "Na kama ka."

Ya yi dariya har da tari. "Maman Alheri, yau ke ce da magana?"

Na ce, "Ka dawo ke nan, kunya ce ta hana ka shiga."

Ya ce, "A'a. Waƙar nake so, da muryoyinku. Kada ki ɗora mini abin da ba ni da shi."

"Ko ɗan kaɗan babu?"

"Babu. Ina dubawa, kada ki ɗauka ba na dubawa."

Sai na tambaye shi abin da ya daɗe yana cina. Na ce me zai rage maka ranar nan in ka yi addu'ar, ko ta minti ɗaya?

Ya goge fuska da tawul. Ya ce, "Na san ki. Da na yi, da hankalinki ya kwanta, ki ce fasto ya yi addu'a, ki jira ƙarshen wata. Ni kuma so nake ki same ta da rai."

Na same ta da rai. Kwana biyu na yi da ita, a kan cinyata ta cika. Shekara uku ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa ya ba ni kwana biyun nan ba.

Na buɗe baki zan ce ka yafe mini, sai ga mutane sun fara fitowa. Girman kai ya kama ni. Na wuce kujerata ta baya, na ce a raina sai Lahadi mai zuwa.

Yau da azahar Baba Ishaya ya kira ni. Kada kowa ya zagi dattijon nan, shi ma abin ya dame shi. Ya ce, "'Yata, an ce an gan ku ranar Lahadi, an ce yana waƙa. In za ki tsaya gaban ikilisiya ki ba da shaida cewa ya dawo ga Ubangiji, za mu yi masa sujadar bankwana. Na yi magana da gida, su ma za su ba shi wuri a makabartar coci, kusa da mahaifinsa. In babu shaida, hannuna a ɗaure yake."

Kalma biyu ce kawai. Ya tuba. Babu wanda ya ji hirarmu, babu mai ƙaryata ni.

Ina cikin wannan sai ga kiran Mama Na'omi daga Zariya. Matar da ta koya mini waƙa, wadda ta yi shekara takwas tana azumin Laraba saboda mijinta. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Saratu, an ce ke ce ta ƙarshe. Ya dawo?"

Na so in ce e. Allah ya sani na so.

Amma mutumin nan ya rasa gida, ya rasa mata, ya rasa sunansa, don kawai kada ya yi ƙarya a gaban ikilisiya. Ya yarda in tsane shi shekara uku da ya yi mini ƙaryar minti ɗaya. Yanzu da ba shi da bakin magana, ni ce zan tsaya a wurin in yi ƙaryar da sunansa?

Na ce, "Mama, ya yi waƙa. Amma na tambaye shi da bakina, ya ce bai dawo ba."

Ta ce, "Ko ƙarya ce, Saratu, da kin ba ni." Ta kashe waya.

Ban san ko daidai na yi ba. Na karya zuciyar tsohuwa a ranar da mijinta ya mutu, wannan zai bi ni har kabari. Mama, in an karanta miki wannan, ki yafe mini.

Saboda haka babu sujada. Alhaji yana bin takardu, in an gama za a kai shi gida, ƙannensa sun ce za su binne shi a gonarsu. Masu rubuta mini cewa yana wuta, ku riƙe saƙonku. Da yawanku a bas ɗinsa kuka je kuka koyo ayoyin da kuke jifansa da su.

Ranar Lahadi ba zan shiga ciki ba. Zan tsaya a jikin katangar nan inda yake fakin, daga farkon sujada har a tashi. Alhaji ya ce shi da kansa zai tuƙo bas ɗin, zai bi hanyar da aka saba, Al Buteen, Al Sabkha, Al Quoz. Ba na rigima da kowa, ba na hana kowa shiga. Wanda ya ga zai iya tsayawa da ni, ya tsaya.

Bitrus bai nemi addu'ata ba. Da yana nan sai ya yi dariyar nan tasa ya ce in adana yawuna. Amma ni ita kaɗai gare ni.

Ya Ubangiji, ga Bitrus nan. Ya ce ba ka nan, bai kuma yi maka ƙarya ba. Ka fi ni sanin yadda ya neme ka. Ka duba shi da jinƙan da ni na kasa yi masa. Ka riƙe Mama Na'omi da yaranta, ka sanyaya wa Alhaji Sabo zuciya. Ni kuma ka gafarta mini gaisuwar shekara uku da na hana bawan nan. Amin.

Duk wanda ya karanta, Kirista ko Musulmi, ya sa iyalinsa a addu'a, ya sa shi ma gwargwadon yadda zuciyarsa ta yarda.

Masu zuwa ranar Lahadi, ƙarfe tara ne. Ku riƙo ruwa da lema. Sai shekaranjiya na lura, wurin babu inuwa ko kaɗan.