Takardar Gargaɗin Mista Chen

Muna hutun rana a sito a Wendover, Mista Chen, dattijon ɗan China da muke aiki tare, ya miƙo min takardar gargaɗi, ya nuna kalmar "offensive".

Na ce, "Maganar da ke ƙona rai ke nan. In ka sake, sai kora. Me ka yi?"

Ya ce, "Wata na ce wa ta yi ƙiba, sai kuka. A garinmu kulawa ce."

Na ce, "A Kano ma yabo ne, Baba. Amma da gaskiyarta. Je ka ba ta haƙuri."

Ya tafi. Ni kuwa bana na rame sosai, ba wanda ya ce min uffan.

Ku fa, wace maganar gida kuka haɗiye a ƙasar nan?