Tafkin da Na Ƙi Shiga

Ina aji shida aka ce za a kai mu zaman kwana uku a wani ƙauye gaba da Kaoje, wajen iyakar Benin, wai mu koyi kula da muhalli. Ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, don haka mota biyu aka yi, ta maza daban, tamu daban tare da malamarmu. Gidanmu na masunta ne, kuma ni kaɗai ce mace a cikinsa da ke boko. Sai da malamar ta taka har gida sau biyu kafin Baba ya yarda. Ranar tafiya yana gyaran komarsa ta kamun kifi, bai ko ɗago kai ba ya ce, "In anka maido ki da laihi, kin gama da boko." Baba ba ya magana biyu.

A wata firamare aka sauke mu. Ranar farko mun dasa dogon yaro, mun tsince leda, an yi mana wa'azi kan sare icce tun bai girma ba. Na ji daɗi ƙwarai, har hannu nake ɗagawa.

Washegari malamin kimiyya ya kai mu bakin wani tafki. Saurayi ne ɗan birni, mai farin takalmin da bai taɓa sanin laka ba. Ya warware gidan sauro, ya ce da shi za a ja ruwan mu ga halittun ciki. Ni kuwa idona na kan wata sanda da aka kafa cikin ruwan, an ɗaure mata ƙullin ciyawa a ka. Duk ɗan masunci ya san wannan. In kogi ya janye ya bar kifi a tafki, Sarkin Ruwa kan rufe shi har kifin ya girma, sai ranar su, wato kamun kifi na gayya, kowa ya shiga tare. Kafin ranar, ko ƙugiya ba a jefawa.

Malam ya nuna ni. "Ke 'yar masu ruwa, zo ki riƙe wannan gefen."

Na ce, "Malam, an ruhe tabkin ga. Ga alama can."

Ya yi dariya, yara suka taya shi. "Camfi ne wannan. Zamanin shari'a muke, an daina tsoron ƙullin ciyawa."

Nan raina ya ɓaci. Ubana da jam'i ba ya wuce shi, shi ne za a mayar mai tsafi a gaban 'yan ajinmu? Na ce, "Ba tsahi ba na, Malam. Kihin ƙanana na, kuma gidan sauro ko ƙwai ba shi bari. Ba ku kunka ce jiya a bar icce shi girma ba?"

Bulala uku na sha a tafin hannu. Malamarmu ta ja ni gefe tana raɗa mini, "Ki shiga ko zuwa gwiwa, ɗiyata. Ki tuna abin da babanki yac ce." Na tuna mana. Ina son makaranta fiye da yadda nake iya faɗa. Amma na zauna daɓas a ƙasa, na naɗe hannuwa, na ce ba ni shiga.

Wasu biyu suka ja. Aka juye abin a kan ciyawa, 'yan kifayen da ba su kai ɗan yatsana ba, da talibambam. Malam yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana nuna mana inda suke numfashi. Kafin ya gama bayani duk sun mutu. Ban yi kuka don bulala ba, amma a nan na yi.

Da la'asar aka sa ni a wata motar dakon shinkafa, malamar ta rako ni gida da takardar laifi. Mun tarar da Baba a bakin ruwa yana toshe kwalekwale. Malamar ta yi ta kewaye-kewaye don ta sassauta, ni ina tsaye a gefe. Ya bari ta gama, sannan ya tambaye ta, "Ta shiga?"

"Ba ta shiga ba."

Ya ci gaba da aikinsa. Ban san ko zan koma makaranta ba har ranar Litinin.

Da safe ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ce in ɗauko jakata. Bai taɓa taka harabar makarantar nan ba sai ranar. Hedimasta ya ce sai na ba malamin haƙuri kafin in koma aji. Ban bayar ba, kuma har yau da na girma ban ga dalilin bayarwa ba.

Baba ya dafa kaina, ya dubi hedimasta, ya ce, "Ga ɗiyata na maido. Ku koya mata abin da ba ta sani ba. Wanda tas sani, ku bar mata abinta."